Shazumami a Ɗakin Dapu Bai

Jatan Bai na durƙushe da tsintsiyar ulu a hannu, tana kaɗa ƙwari a hankali daga gefen shimfiɗar maƙwabciyarta don kada wani ya taka su, sai hannunta ya tsaya cak. Shazumami ne, layi guda tun daga gindin ƙofa, kuma duk wuri ɗaya suka nufa: inda ruwan ƙoƙon ya ɗiga ɗazu da take ba mara lafiyar.

"Me kike leƙe haka? Zinariya kika yar?" in ji Dapu Bai. Muryar ta fito da ƙyar ta bayan farin ƙyallen da ke ɗaure a bakinta.

"Ba komai, Jiji. Baƙi kika yi."

"Su ma motar haya suka ɗauko?"

Jatan ta yi dariya, amma dariyar ba ta wuce haƙori ba.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu tun suna amare. Sun yi faɗa a kan tantabaru, sun yi a kan magudanar ruwa, sun raka gawar mazajensu zuwa bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya, sun kuma zauna suna kallon unguwar Jainawa, mabiya addinin da ya hana kashe ko ƙwaro, tana zubewa kamar haƙoran tsoho. Da gida ɗari biyu ne. Yanzu in ka ƙirga masu hura wuta da safe, yatsun hannu biyu sun ishe ka. Sauran suna Mumbai da Surat, sai dai hoto a waya.

Da likitocin Jodhpur suka ce ciwon da ke cikin Dapu Bai ya fi ƙarfin wuƙa, ba ta yi musu ba. Ta dawo gida, ta nemi izinin ɗanta Sampat, ta nemi na mata masu fararen kaya da ke zaune a ɗakin ibada, ta ɗauki santara a gaban jama'a: ta bar abinci har abada, sai ruwan da aka tafasa aka tace, kurɓi biyu ko uku, shi ma kafin rana ta faɗi. Ta sauko daga gado ta koma shimfiɗar ciyawa a ƙasa. A ranar ta kama wuyan hannun Jatan ta ce, "Daga hannunki kaɗai zan sha. Ke ce ba ki iya ƙarya ba, ko ta tausayi. Mugun hali ne, amma yau ya yi mini rana."

Kowa ya ɗauka kwana kaɗan ne, don matar da ta ɗauki alkawarin ba ta fi kara nauyi ba. Sai mako ya wuce, wani ya bi shi, wata ya kusa cika, Dapu Bai na nan tana numfashi. Labari ya bazu. Motoci suka fara sauke mutane daga garuruwan da ko sunan garin nan, Sohanpura, ba su taɓa ji ba, suna shigowa da hannu a haɗe, suna fita suna cewa sun ga abin al'ajabi. Ita kuwa mai abin al'ajabin, in ɗaki ya watse, kuka take yi.

"Me ke riƙe ni, Jatan? Na nemi gafarar kowa. Na saki gida, na saki ɗa, na saki jikoki. Akwai wani kwaɗayi da ya maƙale mini ban sani ba. Uwar mijina mako guda ta yi ta tafi kamar an hure fitila. Ni wane laifi nake ɗauke da shi?"

Wannan tambayar ce ta dawo wa Jatan yanzu, tana kallon shazumamin. Shekara sittin tana sharar ƙwari, ta san abin da ke kiran kowanne. Ruwan banza ba ya tara shazumami haka. Ta juya baya don kada a gan ta, ta tsoma ɗan yatsa a ƙoƙon, ta kai harshe.

Zaƙi. Ba mai yawa ba, amma zaƙi ne. Ciwo ya daɗe da kashe harshen Dapu Bai, ko barkono aka ba ta ba za ta ji ba.

Sampat ne ke tafasa ruwan nan kullum da safe, da hannunsa, ba ya yarda matarsa ta taɓa. Mata har misali suke yi da shi: ga mai sayar da lu'ulu'u a Surat ya baro shago ya zo yana hura wa uwarsa wuta. Shi zai kawo tulun ya ajiye, ita Jatan ta zuba ta bayar.

Ta same shi a ƙofar gida tare da Set Ugamraj Surana, shugaban jama'a kuma mai kantin magani, mutumin da tumbinsa ke riga shi shiga ɗakin ibada. Suna tsaye suna nuna wa ma'aikata inda za a kafa ƙofar gora ta tarbar Maharaj, babban malamin addininsu, wanda ke tafe a ƙasa tun daga wajen Pali, don irinsu ba sa hawa mota ko sa takalmi.

"Jai Jinendra, Bai-sa," in ji Surana. "Yaya uwarmu yau?"

Ba ta amsa gaisuwar ba. Ta miƙa wa Sampat ƙoƙon. "Sha."

"Kaki-sa, ai ruwan mahaifiyata ne, bai kamata..."

"Na ce ka sha."

Bai karɓa ba. Ya dubi Surana, Surana ya dubi ma'aikata. Wannan kallon ya ishe ta amsa. Da ɗan gari akan ci gari.

Surana ya ja su cikin soro, ya rage murya. "Bai-sa, kada ki ɗaga hankali. Ɗan garin gulukos ne kawai, cokali guda. Ba abinci ba ne, ko taunawa ba a yi."

"Daga kantin maganinka?"

"Ki saurare ni. Maharaj ya kusa. In ya iso ya tarar da ita da rai, ya sa mata albarka, zai iya zaɓar garin nan ya yi zaman damina. Wata huɗu, Bai-sa! Kin san rabon da wani babba ya yi damina a nan? Tun ina saurayi. Gidajen nan za su buɗe, yara za su zo su ga inda kakanninsu suka fito. In ka tara mutum dubu a ƙasar nan, huɗu ne namu. Gwamnati ta ce mu 'yan tsiraru ne, to mun ji, mun gode. Sunan ne zai share mana ɗakin ibada? Addinin da ya kai shekara dubu biyu da ɗari biyar a ƙasar nan ko fiye, ki bari ya mutu a hannunmu?"

"Addinin ne ya ce ka shayar da mai azumi sukari a ɓoye?"

"Ai ba ta sani ba. Wanda bai sani ba, alkawarinsa bai karye ba."

"To malam ya yi fatawa! Kai da ko albasa aka wuce da ita ta ƙofar gidanka sai ka sa an wanke dakali, wai addini ya hana ta." Ta juya ga Sampat. "Shi na ji nasa, damina yake nema. Kai fa? Kai da ka taɓa ƙafarta a gaban mutane ka ce ka yarda?"

Sampat ya jingina da bango, namiji mai furfura, idonsa ya cika. "Na yarda da baki, Kaki-sa. Da na ga ta fara tafiya da gaske sai na kasa. Shekara ashirin ina zuwa sau ɗaya a shekara, kwana biyu, waya a kunne. Wannan watan ne kaɗai na zauna kusa da ita. Da Set-ji ya kawo maganar, na ce ko mako ɗaya ne a ƙara mini."

Da ya yi mata tsawa da ya fi mata sauƙi. Ta ji tausayinsa, ta kuma ji haushin kanta da ta ji.

"An ƙara maka," ta ce. "Ita kuma kullum tana kuka tana neman laifin da ba ta yi ba. Kuma da hannuna. Ba ku sa naku ba, nawa kuka ara, don kun san shi kaɗai ta yarda da shi."

"Bai-sa," in ji Surana, "abin da ya wuce ya wuce. Kwana kaɗan ya rage. In kika faɗa mata, ke za ki ɓata mata zuciya a bakin tafiya, ba mu ba."

Gaskiyarsa a nan, kuma shi ya fi ci mata rai. Gaba kura, baya sayaki. Mai santara ana so ya tafi da zuciya a kwance, ba fushi, ba ƙulli. In ta faɗa, ta jefa dutse a ruwan da ya kusa kwantawa. In ta yi shiru, gobe da safe ita ce za ta sake ɗaga ƙoƙon.

Ta koma ɗaki. Baƙin rana sun watse, hasken la'asar ya kwanta a kan bango. Dapu Bai ta buɗe ido.

"Rana ta kusa faɗuwa. Ina ruwana?"

"Babu ruwa yau, Jiji."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta. "Fuskar nan na san ta. Ita kika yi ranar da kika zo gaya mini mijina ya faɗi a kasuwa. Faɗi."

Jatan ta faɗa. Ba ta yi kwana-kwana ba, don ba ta iya ba. Ta faɗi shazumamin, ta faɗi garin, ta faɗi Surana. Kafin ta kai kan ɗan, Dapu Bai ta riga ta.

"Sampat ne ke tafasawa."

"Shi ne."

Tsohuwar ta rufe ido, Jatan ta matso ta duba ko tana numfashi. Hawaye ɗaya ya gangaro ya shige cikin ƙyallen baki.

"Ashe ba ni ba ce," in ji Dapu Bai. "Ashe hanyata a buɗe take, ƙofa aka tare." Ta nisa. "Kira mini mata masu fararen kaya. Daga yanzu har ruwan na bari. Sannan ki kira mini yaron."

Sampat ya shigo da rarrafe, ya kifa kansa a kan ciyawa. Uwar ba ta iya ɗaga hannu ba, sai yatsu biyu da ta ɗora a gashinsa.

"Sakarai. Tun kana yaro in na ce zan je rijiya sai ka ɓoye mini takalmi." Ta huta. "Na yafe. Kai ma ka yafe mini. Ka gaya wa Ugamraj na yafe masa, amma kada ya shigo, ɗakin ƙarami ne."

Ta juyo da ido wajen Jatan. "Ke fa?"

"Ni me?"

"Kin yafe musu?"

Jatan ta sunkuyar da kai. Duk duniya babu wanda take so ta faranta wa irin matar nan, kuma kalma ɗaya ce kawai ake nema.

"A'a, Jiji."

Wani abu mai kama da murmushi ya motsa ƙyallen. "Na sani. Da kin ce e, da na tafi ban yarda da kowa ba."

Daga nan Dapu Bai ba ta sake magana ba. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, mata na karanta addu'ar girmama tsarkaka a hankali, Jatan na riƙe da ƙafarta, ƙafar ta yi sanyi. Maharaj yana can a hanya, da sauran tafiya a gabansa. Da labari ya same shi sai ya aiko da albarka, ya karkata zuwa wani gari.

An yi mata rakiya irin ta masu santara. Aka zaunar da gawar a cikin makara mai rumfa, sanye da farare, maza suka ɗauka suna kirari, aka bi ta ƙarƙashin ƙofar goran da ba a gama ba. Surana ne ya riƙe lasifika. Ya faɗi tsawon azumin da babbar murya, bai rage ko yini ɗaya ba, mutane suka yi ta jinjina. Jatan na tsaye a ƙofarta tare da mata, ta ji ana yi mata barka, wai hannunta mai albarka ne. Ta shige gida ta rufe ƙofa.

Da aka gama zaman makoki, Sampat ya zo da safe, mota na jiransa a bakin layi. Ya haɗa hannu, ya sunkuya zai taɓa ƙafarta, ta ja da baya.

"Kaki-sa, in na ɓata miki, da sani ko ba da sani ba..."

"Da sani ne."

Ya haɗiye sauran. Ya zaro mabuɗin gidan uwarsa, babba, na baƙin ƙarfe. "Ko sau ɗaya a wata ne, ki buɗe iska ta shiga. Ba ni da kowa a nan sai ke."

Jatan ta dubi mabuɗin, ta dubi hannunta, ba ta miƙa ba. Ya tsaya har tsayuwar ta ishe shi, sannan ya durƙusa ya ajiye shi a kan dokin ƙofa, ya tafi. Ta ji ƙarar motar har ta ɓace.

Mai madara ya zo ya tsallake shi. Wata saniya ta biyo layin, ta sunsuna, ta wuce. Da azahar inuwar katanga ta janye, rana ta sauka a kan mabuɗin, yana nan inda aka bar shi.