Akushin Suruki

Ranar da surukinsa ya aiko masa da gungumen baƙar kanya, Kafinta bai ci abincin rana ba. Kafinta ake ce masa a layin, ko da yake ya fi shekara goma rabonsa da haɗa kujera. Aikinsa yanzu injin juya katako ne: ya ɗaure ice a jiki, inji ya riƙa juya shi, shi kuma ya kanga masa kaifin ƙarfe har ƙafar tebur ko akushi ya fito. Saƙon da ya biyo gungumen gajere ne. Baba yana son ɗan akushi, baƙi, mai sheƙi.

Kanya ba ta son gaggawa, kuma Kafinta ya sani. Amma suruki ne. Ya yanki rabin icen, ya gama akushi cikin kwana biyu, ya ajiye shi ya sha iska. Washegari ya tarar da tsaga tun daga baki har gindi, wadda tsinke zai shige ta ba gardama. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya tura akushin ƙarƙashin benci, ya ce wa kansa dama gwaji ne.

Saura rabi. Wannan karon ya narka kakin zuma ya shafe bakin icen, don kada waje ya riga ciki bushewa. Ya juya shi sama-sama, ya bar masa kaurin yatsa biyu, ya cusa shi a jakar takarda tare da sassaƙensa. Shagon kuwa rufin kwano ne, da rana kamar tanda. Saboda haka ya kai jakar gida, ya nemi wurin da ya fi ko'ina sanyi da duhu.

Matarsa nas ce a wani ƙaramin asibiti. Da ta dawo aiki ta buɗe kabad ɗinta, sai ta tsaya.

"Maigida, mene ne wannan a cikin zannuwana?"

"Akushin Baba ne."

"Me yake yi a nan?"

"Yana bushewa."

"Har yaushe?"

"Sai ya daina rama."

Ya yi mata bayani. Kowane mako ana auna nauyinsa. Muddin yana raguwa, da sauran ruwa a ciki. Ranar da ya tsaya cak, ya bushe. Matsalar kawai sikeli ce, don na mai nama ba ya ganin ƙaramin bambanci. Ya faɗi haka yana kallon silin. Ita kuwa ta riga ta gane inda ya dosa.

"A'a," in ji ta.

"Minti ɗaya ne fa."

"Sikelin jarirai ne."

"Ai shi ma bai kai kilo uku ba."

Haka aka fara. Kowace Alhamis Kafinta yakan rufe shago, ya naɗe akushin a tawul saboda rana, ya rungume shi, ya je ya zauna a ƙarshen bencin masu jego har layi ya ƙare. Ba ya tsallake kowa. Wata rana matar da ke kusa da shi ta leƙo tawul ɗin ta ce, "Namiji ne ko mace?"

"Akushi ne," in ji shi.

Ta ɗan matsa gefe da ɗanta, ta ce, "Allah ya raya."

Ya ce amin.

In layi ya zo kansa, matarsa takan ɗora akushin, ta faɗi lambar ba tare da ta kalle shi ba, ta ce, "Na gaba," ko da babu na gaba.

A wata na huɗu surukin ya bugo waya.

"Malam Kafinta, na ce ko icen nan ɓata ya yi?"

"Yana nan lafiya, Baba. Makon nan ma ya ragu da giram arba'in."

"Akushi na ce ka yi mini. Ban ce ka ƙarar da shi ba."

"In sha Allahu za ku gani, Baba."

"Da idona dai nake so in gani, tun yana aiki."

Sai a wata na bakwai sikelin ya faɗi lamba ɗaya mako uku a jere. Kafinta ya mayar da akushin kan inji, ya wasa ƙarfe, ya riƙa ɗebe kaurin kaɗan-kaɗan. Wurin goge shi da sanfefa, da ya ji ya yi ɗumi a tafin hannu sai ya kashe inji ya zauna, don zafin guga kaɗai ya isa ya tsaga kanya. Aikin awa biyu ya ci kwana huɗu. Ya shafa masa mai, ya fito baƙi wuluk, mutum na ganin fuskarsa a ciki. Ko layin tsaga babu.

Suka kai shi tare da matarsa. Baba ya karɓa, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa gindin da farce.

"Na zaci zai fi haka girma," ya ce. "Amma ya yi daidai."

Sai ya sa hannu a baki, ya ciro haƙoransa na roba, ya ajiye su a ciki. Ya ɗaga murya ya ce a kawo ruwan ɗumi.

Kafinta ya buɗe baki, ya tuna gaban wa yake, ya rufe. Matarsa ta dube shi, ta dubi butar da ake kawowa.

"Baba, a likitance ba a jiƙa haƙora cikin ice," ta ce. "Kofin gilas ake sa su."

Baba ba ya musu da 'yarsa a kan magani. Ya kwashe haƙoransa, ya zuba makullai a madadinsu, ya ɗora akushin a bakin taga, inda rana ke daɗewa kafin ta wuce. Kafinta ya miƙe kamar mai duba labule, ya mayar da shi kan kanta, cikin inuwa. Da ya dawo gaisuwa bayan mako guda, ya same shi a bakin taga.

Tun daga nan ba ya fashin zuwa gidan. Yakan shigo da tsumma da 'yar kwalbar mai a aljihu, ya durƙusa ya gaishe su, ya jira Baba ya shiga ciki, ya sauke akushin ya shafe shi. Surukarsa ta shiga gaya wa maƙwabta cewa a duk mazan 'ya'yanta babu mai zumunci kamar Kafinta. Ranar da ta faɗa a gaban 'yarta, nas ɗin ta gyara zaman mayafinta ta ce, "Gaskiya ne, Mama. Yana da kula."