Daɓen Motar Inna Hure

Wada kafinta bai taɓa yi wa mota daɓe ba sai a kan tsohuwar motar alhazai da suka saya shi da Awwalu. Niyyarsu ɗaya ce, ko kuwa haka Wada ya ɗauka: su mai da ita ɗaki, jirgin ruwa ya haye da ita Sudan daga Jidda, su kai Inna Hure Haɗeja ta ga dangi kafin ƙasa ta rufe mata ido. Ita ta haifi Wada. Awwalu ɗan ƙanwarta ne, uwarsa ta rasu a hanyar Cadi, Hure ta goyo shi har Makka.

Ƙasan motar ƙarfe ne tsagwaro, in rana ta take ba ya takuwa, balle a shimfiɗa tsohuwa a kai. Wada ya cire kujeru a lungunsu na unguwar Misfala a Makka, ya kankare tsatsa, ya shafe ƙarfen da kwalta, ya jera katakai a tsaitsaye. Tsakaninsu ya cusa gashin ragunan layyar bara, wanda Hure ta wanke da hannunta ta shanya a soro har warin ya fita.

Awwalu kullum yana tsaye a kansa.

"Yaya, ƙara gashin nan. Danna shi sosai."

"Kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa, yau kai ne malamina?"

"Don Inna nake faɗa, ya shehi. Kada zafin salansa ya taso mata."

Wada ya ji daɗi har ransa. Ashe yaron bai manta goyo ba. Da Awwalu ya ce a ɗan karkatar da daɓen zuwa baya, a huda kafa a kusurwa saboda ruwan alwalar Inna, Wada ya yi. Da ya ce a lulluɓe katakon da kwano don kada ya ruɓe, shi ma ya yi, har yana yaba masa hankali. Ranar da aka gama, Hure ta aiko da tabarmar da ta saƙa da kabar dabino daidai faɗin motar. Wada ya shimfiɗa, ya cire takalmi ya taka da tsakar rana. Sanyi ƙalau.

Ana saura kwanaki a fita Mina, ya fito da safe bai ga mota ba. Wani mai shayi ya ce ta bi hanyar gidan ƙanƙara. Can ya same ta, ƙofar baya a buɗe, 'yan dako na jera sandunan ƙanƙara a kan tabarmar Inna. Ruwa na bin gangaren da ya auna da hannunsa, yana zuba ta kafar alwala.

"Awwalu, mene ne wannan?"

"Mosimin hajji ne, Yaya, lokacin kasuwa. Alhazai na mutuwa da ƙishi a Mina. Ƙanƙarar motar kowa kafin azahar ta narke, wannan kuwa har magariba. Hannunka akwai albarka."

"Bayan hajji fa?"

Awwalu ya kau da kai. "Wa na sani a Haɗeja? 'Ya'yana ko gaisuwa ba su iya da Hausa ba. Kuma da sunana aka yi wa motar lamba, ka sani. Halas, shi ke nan, Yaya, Inna ta yi haƙuri. Wa ya ƙi a binne shi a Makka?"

"Tun yaushe ka shirya?"

"Da na faɗa maka gaskiya, za ka yi aikin da kyau haka?"

Wada bai zage shi ba. Ya hau motar, ya ture sandunan gefe ɗaya bayan ɗaya, ya zare tabarmar, ya naɗe, ya saɓa a kafaɗa. Ruwa na bin bayansa har Misfala.

Hure na zaune a bakin ƙofa kusa da ƙullin kayanta, wanda ta ɗaure tun watan azumi.

"Wada, an sa ranar?"

Ya ajiye tabarmar a gabanta. Ta ɗora tafin hannu a kai, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Shanya min ita a soro," ta ce. Sannan ta jawo ƙullin, ta fara kwance igiyar.