Gatarin da Ya Je Asibiti

Mahauta biyu ne, wa da ƙane, teburinsu ɗaya a kasuwa. Ƙanen ake wa laƙabi da Sara-Ɗaya, don bai taɓa ɗaga gatari sau biyu a kan ƙashi ba, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba.

Sai Yayan ya fara ramewa, dasashinsa na zubar jini. A sashen cututtukan jini aka ce sankarar jini ce, ba makawa sai dashen ɓargo. Aka gwada dangi kaf, na Sara-Ɗaya kaɗai ya dace.

To, rashin sani ya fi dare duhu. Wanda ya tashi a mahauta hanya ɗaya ya sani ta fito da ɓargo: a ɗora ƙashi a kan kututture, a sara. Kafin likita ta buɗe baki ta yi bayani, gogan ya ce zai kewaya. Ba a sake ganinsa ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ya ɓuya a ɗakin sanyin nama, yana shafa ƙaurinsa yana kallon cinyoyin da ke rataye. Matarsa ta iske shi can, ta ce Yaya ko cokali ba ya iya ɗagawa, amma ya hana a nemo shi, wai a ƙyale yaro da ƙafafunsa. Wannan "yaro" ita ta soke shi. Tsoro na daji, kunya na gida.

Da safe ya yafe wa kowa, ya bar wa maƙwabci takalminsa na hagu, ya nufi asibiti da abu naɗe a buhu. Ya kwance shi a teburin likita: gatari ne, ya sha washi.

"Ta hagu za ku ɗauka, Likita, da ta dama nake taka babur. Kuma da nawa za a yi, ban yarda da kaifin naku ba."

Likita ta daɗe tana gyaran tabarau. Sannan ta ce ba sara ba yanka: allurai ne na 'yan kwanaki, sai ya kishingiɗa a kujera, na'ura ta tace abin da ake so daga jininsa ta mayar masa da saura.

Sara-Ɗaya ya yi dariya, ya ce ashe wasan yara ne. Nas ta fito da allurar farko. Ya kalle ta, ya sulale ƙasa kamar jiƙaƙƙen buhu. A kwance aka yi masa sauran, ido rufe, yana kiran uwarsa.

Aka yi wa Yaya dashe, ɓargo ya kama. Da Sara-Ɗaya ya je dubiya, ta bayan gilashi Yaya ya ƙare masa kallo har ƙasa.

"Ƙafa biyu nake gani, jarumi. Je ka roƙi maƙwabci takalminka."