Lambun Auta

Ban taɓa ganin mutumin da shuka ta ƙi jininsa kamar ƙanwata Auta ba. Ko furen roba ka ba ta ajiya, sai ka dawo ka tarar ya yi yaushi. Shi ya sa da sanyi ya janye a bana, aka ce min wai Auta ta fara lambu a bayan gidanta, na yi dariya har da riƙe ciki. Da na san inda zancen zai kai ni, da na rage dariyar.

Ni ce babba a ɗakinmu, aikin jinya nake yi, kuma tun rasuwar Mama a wurina Baba yake zaune. Ɗakin da ya fi kowanne iska na ba shi, tagarsa tana kallon lambuna. Lambun nan kuwa, ba yabon kai ba, ko maƙiyina ya wuce sai ya waiwaya. Da igiya nake fitar da layi. Latas gefe guda, karas gefe guda, kowane tumatir da sandar da zai jingina. A hannun Mama na koya, ni ce nake tsaye ina riƙe mata kwanon iri lokacin da Auta take ɗaki tana fama da jan farce.

Kullum da safe kafin in wuce asibiti, sai in fito wa Baba da kujera ƙarƙashin rumfa, in sa masa matashi a baya, in auna jininsa, in miƙa masa shayi ba sukari. Yana zaune yana kallo, ni ina ban ruwa. Idan ya miƙa hannu zai tuge wata 'yar ciyawa, in ce, "Baba, bayanka!" Idan ya taɓa bokiti, in ce, "Baba, jininka!" Magini ne shi, a kan bulo da siminti ƙarfinsa ya ƙare, na kuwa yi wa kaina alkawari ba zai sake ɗaga abu mai nauyi ba muddin ina numfashi. Har ƙaramar fartanyarsa, wadda yake yi wa Mama kaftu da ita duk shekara, na goge ta da mai na rataye a bangon falo kusa da hoton Mama. Duk baƙon da ya shigo sai ya yaba.

Ana cikin haka Baba ya tsiri fita. Da ya shanye shayi sai ya ɗauki hula ya ce zai ɗan taka ƙafa. Ban hana ba, tunda ni da kaina na ce tafiya tana da kyau ga mai hawan jini. Sai dai taka ƙafar nan ta fara kaiwa har azahar. Ya dawo takalmi duk laka, ya cinye abinci tas har da neman ƙari, ya miƙe ya yi ta minshari. In ya farka kuma, hirarsa ɗaya ce.

"Kuɓewar Auta ta tsiro."

"Auta ta yi dashen tumatir, amma rana ta kwantar da rabi."

Auta, Auta. Ga tumatir nan a gaban tagarsa sun tasa gwanin sha'awa, bai taɓa tambayar ranar da na dasa su ba. Kishi ne ya turnuƙe ni, kishi na gaske, irin wanda yake hana mutum jin ɗanɗanon abinci. Ina ba marasa lafiya magani a asibiti, zuciyata tana can bayan gidan Auta tana ƙiyasta tsawon kuɓewarta. Maigidana, wanda ba ya raina abin tsokana, ya ce, "Ke yanzu da girmanki za ki yi gaba da kuɓewa?" Na ce ya fita harkata.

Na ƙara himma. Na buɗe sabon fangali na zuba alayyafo, na sayo taki, na canza wa Baba kujera mai laushi, na ajiye masa rediyo a gefe. Ranar da latas ɗina na farko ya isa cira, na wanke shi ganye-ganye, na yanka, na kai masa a faranti mai kyau, na tsaya ina jira.

Ya tauna ya ce, "Ya yi daɗi, Allah ya yi albarka." Sai ya yi murmushi shi kaɗai. "Na Auta kuwa tsutsa ta cinye rabinsa. Ki ga ganyen, kamar rariya."

Yadda fuskarsa ta washe a kan latas mai tsutsa, ba ta washe haka a kan nawa ba. Na ɗauke farantin na shiga kicin, na daɗe ina wanke abin da ba shi da datti.

Bayan 'yan kwanaki Auta ta kira ni a waya, muryarta sakayau kamar ba komai.

"Yaya, wai Baba ya ce in share masa ɗakin baya. Yana so ya dawo nan da zama, ko zuwa ƙarshen kakar tumatir ne. Na ce bari in fara gaya miki."

"Ɗakin baya? Wanda kike jibge kwalaye?"

"Ai zan kwashe."

"Wa zai auna masa jini? Ke da ko sunan maganinsa ba ki sani ba?"

"Sai ki koya min mana, Yaya."

Na kashe wayar. Ni na yi jinyar Mama har ta cika, ni nake tashi in dafa wa Baba nasa abincin daban mara gishiri, amma a ce zai kwashe kayansa ya koma ɗakin kwalaye saboda wani lambu. Na ƙudura sai na ga lambun nan da idona, in ga zinariya ce take fitowa a ciki ko me.

Ranar hutuna na bar Baba ya fita, na ba shi rata, sannan na bi bayansa. Ban yi sallama a ƙofar gaba ba, na zagaya ta ƙaramar ƙofar baya.

Abin da na gani bai cancanci a kira shi lambu ba. Tsofaffin tayoyi cike da ƙasa, bokitan fenti masu huji, kunya a karkace kamar an ja ta ido rufe. Albasa da karas a cakuɗe wuri ɗaya. Ga Auta a kan kujera cikin inuwa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, shayi a hannu tana latsa waya. Baba kuwa, Babana mai ciwon baya, yana durƙushe cikin laka, ya naɗe wando har gwiwa, yana tona ƙasa da tsohon cokalin gini, yana ta faɗa.

"Auta, wa ya ce ki zuba ruwa da tsakar rana? So kike ki dafa su?"

"Yi haƙuri, Baba, na manta."

"Kullum kin manta!"

Yana faɗan yana murmushi. Ni kuwa ban san lokacin da na faɗa ciki ba.

"Auta! Ke wace irin marar tausayi ce? Kina zaune, tsoho yana durƙushe a ƙasa? Kashe shi za ki yi? Baba, tashi, don Allah tashi!"

Na kama hannunsa zan ɗaga shi. Ya zame hannun a hankali, ya dafa taya ya miƙe da kansa, ya karkaɗe gwiwa.

"Babba," haka yake kirana, "sassauta murya, maƙwabta na ji."

"Me na rage ka da shi, Baba? Faɗa min. Me take yi maka da ban yi ba?"

"Ba ki rage ni da komai ba. Ai abin ke nan." Ya goge cokalin a gefen taya. "A gidanki kafin in gama shayi an gama komai. Ni da hoton mamanku aikinmu ɗaya, kallo. Nan kuwa, in na yi fashin kwana biyu, komai ya mutu. Shekaranjiya ruwan wanki ta juye wa tattasai."

"Ban san yana kashewa ba," in ji Auta, ko kunya babu.

"Kin ji ko?" Ya nuna ta da cokalin, kai ka ce wata lambar yabo ta ciyo. Sannan ya juyo gare ni. "In za a kawo kayana, a haɗo da fartanyar nan ta bango. Wannan cokalin yana cin hannuna."

A ƙarshen mako ya koma. Ni na ninke masa kaya, ni na jera magungunan a leda, na nuna wa Auta na safe da na yamma har sai da ta ce ta gaji. Na sauke fartanyar daga bango. Inda take ya bar shaida a jikin fenti, kusa da hoton Mama, kuma duk shigowata falo nan idona yake fara sauka.

Sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na saki lambuna da gangan, ko Baba zai sami abin gyarawa. Na daina ban ruwa a kan lokaci, na bar ciyawa ta fito, na ga wani tumatir ya zame daga sandarsa na kau da kai. Wahalar da na sha Allah kaɗai ya sani, hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Maigidana ya leƙa ta taga ya ce, "Lafiya? Ko lambun ma ya koma gidan Auta?"

Wata safiya sai ga Baba ya zo gaishe mu, fartanya a kafaɗa, wai daga nan zai wuce a wasa masa ita. Ya tsaya a bakin lambun ya daɗe yana dubawa. Na tsaya a bayansa ina jira.

"Babba."

"Na'am, Baba."

"Wannan wasan bai karɓe ki ba. Ko ciyawar taki a layi ta fito."

Ya yi 'yar dariya, ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando. Da ya sunkuya na ji ƙashin bayansa ya yi ƙara, kalmar "bayanka" ta taho har bakina, na haɗiye ta. Na koma kan kujerarsa mai laushi na zauna, na tura hannuwana ƙarƙashin cinya don kada su tashi. Ya yi noma, ya ɗaure tumatir, yana yi yana mita, wai na cika taki, wai layin ya matse. Rabon da in ji Baba ya yi min faɗa har na manta, na zauna ina saurare hawaye yana zubo min.

Da rana ta ɗaga ya wanke hannu a bakin famfo, ya ce jibi zai leƙo ya ga karas. Na ce to, Allah ya kai mu. Har ya kai ƙofa sai ya dawo, ya bi layin latas yana dubawa, ya zaɓi wanda ya fi kowanne girma, wanda na daɗe ina tanadi dominsa, ya tuge ya karkaɗe ƙasar.

"Bari in kai wa Auta," ya ce. "Nata bai yi ba."