Misar da Suka Yi Gaba a Kanta

"Fita mini daga ɗaki, Walburga. Ban mutu ba tukuna."

Ina bakin ƙofa da kwanon miya a hannu na ji muryar maƙwabcina Herr Kaltenegger, tsohon shugaban mawaƙan cocinmu a Salzburg. Frau Walburga Obermoser mai kaɗa ogan, babban abin kiɗan cocin, tana zaune kusa da gadonsa, ko rigar sanyinta ba ta cire ba.

"Fadan cocinmu ne ya turo ni," in ji ta. "Me kake so a rera ranar jana'izarka?"

"Kin sani. Gajeriyar Misar nan."

Duk unguwa an san gabarsu a kan wannan Misa, wato jerin waƙoƙin da ake rerawa a ibadar coci. Wani makaɗin cocin na zamanin da ne ya tsara ta, bai sa shekara ba. Shi ya dage aikin ƙuruciya ne, ita ta ce na tsufa ne. Tun ina budurwa ba sa gaisawa.

"Goge biyu kacal, baitocin waƙar Ɗaukaka suna hawan juna don a gama da wuri," ya ce yana haki. "Yaro ne mai zumuɗi. Ko kurma ya ji haka."

"Yaro ne zai rubuta waƙar Ɗan Rago na Allah irin wannan? Sai wanda ya binne mutane. Kai dai kunnenka ya riga ka mutuwa."

"Ke kuwa kullum kina jan waƙa kamar tsohuwar saniya. " Ya juyo gare ni. "Resi, ki zama shaida. Da sauri nake so a rera ta."

Na ce to. Ta miƙe ta fita ba sallama. Miyar ma bai sha ba.

Ya cika ranar Laraba da hantsi, ina gyara masa matashi.

A jana'izar, Frau Obermoser ta ja Misar a hankali har numfashin mawaƙa ya riƙa yankewa. 'Yarsa Notburga ta juyo ta dube ni, na sunkuyar da kai. Da aka fito ta tare matar a gindin matakala.

"Ko yau ba za ki bar masa ba?"

"Ai ba daidai yake ba," ta ce, ta wuce.

Ba ta bi mu maƙabarta ba. Da muka dawo na hango ta a tashar bas ita kaɗai, takalman kaɗa ogan a jaka bisa cinyarta. Bas ta zo ta tafi, tana nan zaune.