Sarƙar Lorene, inci goma sha takwas

Matata Lorene ta bar wasiyya a ƙone gawarta a zuba tokar a teku, daga bayan jirgin ruwan yawon shaƙatawa, irin wanda ta yi shekara da shekaru tana jan hannuna muna shiga duk lokacin sanyi. Ni da na yi shekara talatin da huɗu ina koyar da adabi a wata sakandare a Duluth, ban taɓa gane daɗin a cusa mutum dubu uku cikin otal mai iyo a yi ta ɗura musu abinci har kwana bakwai ba. Amma da ranta ma ban ci wannan gardamar ba, balle yanzu. A watan Fabrairu ni da 'yarmu Trudi muka tashi daga tashar jiragen ruwa ta Fort Lauderdale, ɗan akwatin tokar yana cikin jakar hannuna tare da magungunana.

Ranar kwana na uku da hantsi wani ma'aikacin jirgi ya kai mu can baya, inda babu masu shanya jiki a rana. Trudi ta sa hannu a wuya za ta cire sarƙar uwarta, tana so ta bi tokar. Ma'aikacin ya ce doka ta hana, toka da fure kawai ake jefawa, ban da ƙarfe. Trudi ta ji haushi. Ni na fi ta ji, kuma ina da dalilina.

Sarƙar nan ni na ba Lorene, a wani jirgi na wannan kamfanin, ranar da muka cika shekara ashirin da biyar da aure. Duk ranar da jirgi bai tsaya a wani gari ba, masu shaguna sukan fito da tebura tsakiyar hanya su jera sarƙoƙi a naɗe jikin kwarkwaro kamar zaren tela. Mace ta nuna wadda take so, a auna wuyanta, a datse da filaya, a maƙala ƙugiya. Dala biyu kowane inci. Tagulla ce da aka wanke da ruwan gwal, kuma ba sa ɓoyewa, a rubuce yake a jikin kwali. Lorene ba ta wuce teburin nan. Takan kutsa cikin mata kamar ana rabon gado, ta dawo ɗaki da 'yar leda tana murna, ni kuma in ɗago daga littafina in ce mata wata maganar da nake ganin ta hikima ce.

Waccan shekarar Lorene ta yi wata biyu tana zagaye-zagaye cewa ba ta taɓa mallakar gwal na gaske ba in ban da zoben aure. Mun ma ware kuɗin. Sai na ci karo da wani tsohon ƙamus mai mujalladi ashirin a wurin dillalin littattafai, kuɗin suka bi shi. Wannan shi ne dalilin da nake faɗa wa kaina, kuma rabin gaskiya ne. Ɗaya rabin shi ne ina so in gani ko za ta iya bambancewa. Na tabbata ba za ta iya ba, kuma ina jin daɗin in tabbata.

Na jira ta tafi gyaran gashi, na shiga layin matan, aka yanka mini inci goma sha takwas. Daga nan na shiga shagon gwal na gaske, mai fitilu da gilasai, na sayi abu mafi araha da suke da shi, wani ɗan fil na maƙale laƙatai a gaban riga, don kawai a ba ni akwatinsu mai shuɗin karammiski da tambarin shagon. A wurin cin abinci na miƙa mata. Ta buɗe, ta rufe, ta sake buɗewa. Daga ranar ba ta ƙara tsayawa a teburin ba. In mun zo wucewa sai ta riƙe hannuna ta ce, "Mai ta gaske ba ta bin layi."

Ta kama hayar akwatin ajiya a banki saboda ita. Sau biyu take fito da ita a shekara, Kirsimeti da Ista, sai kuma ranar auren Trudi. Shi ya sa ruwan gwal ɗin bai taɓa koɗewa ba. Tsoron kada ta ɓata ne ya rufa mini asiri shekara ashirin da biyu.

Muna barin bayan jirgin, Trudi tana goge ido da gefen gyalenta, gyalen ya kama ƙugiyar, sarƙar ta zame cikin rigarta. Ta ciro ta tana dubawa.

"Ƙugiyar ce ta karye, Baba. Mu je shagonsu, ai su suka sayar, su gyara."

"Bari sai mun koma gida. Mutanen nan sai su caje ki kuɗin mota a kan ƙugiya."

"Tun yaushe ka fara tausayin aljihuna? Ga ma akwatin sarƙar na taho da shi. Zo mu je, kafin a buɗe wurin abinci hanya ta toshe."

Na bi ta. Na karanta labaran mutanen da ake kaiwa wurin rataya da yawa, kuma marubutan duk sun yi ƙarya, babu wani tunani mai zurfi da ke zuwa wa mutum. Abin da na lura da shi kawai shi ne kafet ɗin hanyar yana da zanen kifi.

Ranar ma an fito da teburan. Muka ratsa ta cikin matan, wata mai hular kaba tana ce wa ƙawarta, "Ke, sayi uku, surukarki ba za ta gane ba." Trudi ta yi tsaki ta ce, "Mama ta daina wannan shirmen tun ina jami'a."

A shagon gwal muka tarar da wata mata mai kimanin shekara arba'in, an rubuta Ilona a ƙirjin rigarta. Ta karɓi sarƙar da hannu biyu, ta shimfiɗa a kan ƙyalle, ta sa ɗan madubin nan na ido ta duba ƙugiyar. Ba ta yi daƙiƙa biyar ba ta ɗago. Ta dubi akwatin, ta dubi Trudi, sannan ta dube ni. Ta fi daɗewa a kaina.

"Madam, wannan ba a nan ake gyara ta ba. Ki kai teburin can na waje, za su sa miki sabuwar ƙugiya kyauta, ko shekara nawa ta yi."

"Wane tebur?"

"Na masu yanka da inci."

Trudi ta yi 'yar dariya. "A'a, ba ki gane ba. Wannan gwal ce. A shagonku babana ya saya, ga tambarinku nan."

"Akwatin namu ne, Madam. Sarƙar ba tamu ba ce." Ta faɗa da murya ƙasa-ƙasa, kamar likita.

A nan ya kamata in buɗe baki. Jimla ɗaya ce, kuma ni na yi rayuwata ina koya wa yara yadda ake gina jimla. Sai na tsaya ina kallon wasu agogo a cikin gilashi.

Trudi ma'aikaciyar jinya ce, ta saba da mutanen da ke ƙoƙarin kauce wa laifi, kuma awa ɗaya kenan da zuba tokar uwarta. Na ga wuyanta ya yi ja.

"Wato kun sayar wa tsoho tagulla a kuɗin gwal. Mutumin da bai san komai ba sai littafi. Kun ga ya shigo da tabarau da jaket mai faci a gwiwar hannu, kun ce ga abinci ya zo."

"Madam, ni shekarata shida a kamfanin nan."

"Ban damu ba ko jiya kika zo. Kira mini manajanki."

Manajan ya fito, wani dogo mai murmushin da aka koya masa. Ya saurara, ya ba da haƙuri sau uku ba tare da ya amsa laifin komai ba, ya tambaya ko akwai rasit. Trudi ta ce wa ke ajiye rasit shekara ashirin da biyu. Mutane sun fara taruwa a bakin ƙofa da kofunan lemo a hannu, a jirgin ruwa ba a samun abin kallo na kyauta irin wannan kullum. Wani mai gajeren wando ya ce wa matarsa, "Kin ji ko, Darlene? Na faɗa miki duk 'yan damfara ne." Wata da ke gwada zobe ta cire ta ajiye ta fita.

Da manajan ya ga zoben ya koma cikin gilashi, murmushinsa ya ragu. Ya juya ga Ilona ya ce mata wa ya ba ta izinin yanke hukunci a kan kayan baƙo a gaban jama'a. Ya ce ta koma ciki, za su yi magana. Ya ɗauko takardar koke ya miƙa wa Trudi da biro. Trudi ta ce, "Yaya ake rubuta sunanta? Har da yadda ta yi mana magana zan sa."

Na san abin da takardar nan ke yi. Ma'aikatan jirgi da kwantiragin wata shida ko takwas suke aiki, koken baƙo ɗaya mai suna a jiki ya isa a ƙi sabunta wa mutum. Ilona tana tsaye bakin ƙofar ciki, hannuwanta a haɗe a gaba. Ba ta roƙe ni da ido ba, ba ta ma harare ni ba. Jira kawai take, kamar wadda ta ga irina da yawa ta san yawanci ba ma magana.

Trudi ta rubuta layi biyu kafin in ce, "Ajiye biron."

"Baba, bar ni da su."

"Ba su cuce ni ba. A tebur na saya. Dala talatin da shida da kuɗin ƙugiya. Akwatin na wani fil ne da na saya don in sami akwatin."

Mai gajeren wandon ya kurɓi lemonsa da ƙara. Manajan ya zare takardar daga ƙarƙashin hannun Trudi a hankali, ya ninke ta, murmushinsa ya dawo cikakke.

Trudi ta dubi Ilona ta ce, "Ki yafe mini, 'yar'uwa." Ta ɗauki sarƙar, ta bar akwatin a kan gilashin, ta fita.

Na tsaya na ce wa manajan matar nan ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, in yana so in rubuta haka in sa hannu zan yi. Ya ce babu buƙata. Na ce akwai, ya ba ni wata takardar. Na cika ta gaba da baya, da rubutu mai kyau. Ilona ta karanta ta ce, "Na gode, Yallaɓai. A ji daɗin sauran tafiya." Da wannan muryar take faɗa wa kowa. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Na sami Trudi a bene na goma, gefen da iska ta yi yawa babu kowa. Tana zaune a kujera, sarƙar a dunƙule cikin tafin hannunta. Na zauna, na bar kujera ɗaya tsakaninmu.

"Ba mu da kuɗi ne lokacin?"

"Muna da shi. Na sayi ƙamus."

"Wanda ke ɗakin karatunka? Mai jan bango?"

"Shi."

Ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana kallon ruwa.

"Ta sani?"

Na so in ce ta sani. Da labari ne nake koyarwa a aji, da matar ta sani tun ranar farko, ta yi shiru saboda ƙauna, kowa ya koma gida da hawaye mai daɗi. Na ce, "Ban jin ta sani."

"Ba ta sani ba," in ji Trudi. "Lokacin da Glenn ya bar ni da yara biyu, ta zo gidana ta kwana uku. Ranar da za ta tafi ta ce kada in ji tsoro, in abu ya ƙi gaba ɗaya akwai sarƙar babanki a banki, za mu sayar mu riƙe gidan. Na yi wata takwas ina barci da wannan maganar, Baba. Da na kai ta kasuwa fa?"

Na buɗe baki, don al'ada ce, ta ɗaga hannu.

"Kada ka kawo mini maganar wani mataccen marubuci. Yau ɗaya dai."

Na rufe.

"Mama ta yi wa Nola alkawarinta, ɗazu baƙin ciki ne ya mantar da ni har na so in jefa ta," ta ce. Nola ita ce babbar 'yar Trudi, za ta yi aure a watan Yuni. "Yarinyar har ta sa an yanka wuyan rigarta daidai tsawonta. Tana faɗa wa dangin mijin gwal ɗin kakarta ne. Ni ba zan faɗa mata ba. Kai za ka faɗa, da bakinka, kafin ta tsaya gabansu da ita a wuya. Kuma ka faɗa mata har da ƙamus ɗin."

"Zan faɗa."

"Ranar Lahadi, in mun sauka. Ba a waya ba."

Ta tashi ta sa sarƙar cikin aljihun wandonta, tare da katin ɗaki da 'yar takardar goge hanci. Na ce ko za mu ci abincin rana. Ta ce ita ba ta jin yunwa, in je in ci, ai an riga an biya. Saura kwana huɗu jirgin ya koma Fort Lauderdale, ɗakunanmu kuma suna manne da juna, da ƙofa a tsakani. Da na koma na taɓa hannun ƙofar, sai na tarar ta sa sakata ta ɓangarenta.