Cokula Biyar da Tattabaruna

Surukina ya tare a gidanmu da jaka ɗaya, da sanda, da bindigar iska. Jakar da sandar ba su dame ni ba. Bindigar kuwa, da ita ya ci abinci shekara da shekaru yana kashe ɓeraye a wani siton hatsi, har ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Sai dai babu wanda ya gaya wa hannunsa cewa an yi ritaya. Ni kuma ina kiwon tattabaru a rufin shagon da nake gyaran kekuna, nan bayan gida.

Da farko gwangwanaye yake harbi. Ya jera su a kan bulo jikin katanga, ya ɗingiso zuwa kujerarsa, kafin ka ce me ya zubar da su duka, sannan ya zauna yana hararar su a ƙasa. Tashi a sake jerawa wahala ce ga mai irin ƙafarsa. Sai idonsa ya fara hawa sama.

Na rasa tattabara ɗaya, na ce shaho ne. Ta biyu na tsince ta a bayan tankin ruwa da ɗan rami a ƙirji, kuma ban taɓa jin shahon da ke aiki da darma ba. Raina ya ɓaci sosai, don uwa ce, ta bar 'ya'ya a sheƙa ko gashi ba su gama ba.

To, wa zai tsaya gaban uban matarsa ya ce masa ya daina? Na samu matata tana guga.

"Ki yi wa Baba magana," na ce.

"Na yi. Cewa ya yi gwangwani in ya faɗi kwanciyarsa yake yi, shi kuwa tsuntsu da kansa yake dawowa."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Shi ke nan. Ka sayar da su mana, mu ma mu huta da wanke kashi a igiyar shanya."

Maganar Baba kuwa ta riga ta shige ni. Ashe ba jini yake nema ba, abin da zai dawo ba tare da ya tashi ba yake so. In dai wannan ne, ai an zo gidana. Ni ba na iya dogon bayani, amma ka ba ni ƙarfe da sifirin ka ga magana.

Na haɗa akwati da ragowar katako, na lulluɓe bayansa da yankakkiyar tayar mota, na karkata ta ƙasa don darma in ta bugu ta faɗa ciki, kar ta dawo kan mutane. Na gitta rodi a sama. Cokula biyar na ɗebo a kicin. Matata ba ta lura ba sai da aka zo cin abinci, kuma na sha magana. Huɗu na yi musu walda a jikin guntayen bututu, na zura a rodin suna reto. In an harbi cokali, zai wuntsila baya ya hau kan wata waya da na ɗaura, ya zauna can. Na biyar, wanda na shafa wa jan fenti na sa a tsakiya, shi ke riƙe da wayar. Ka same shi, wayar ta ja baya, huɗun su zubo, sifirin birki ya mai da ita wurinta.

A kaina abin ya yi kyau. Da na gwada da danƙo da tsakuwa, sai cokulan suka nuna mini taurin kai: su hau wayar, su yi tsalle, su dawo ƙasa kamar ba a taɓa su ba. Ban damu ba, na san ciwon. Ƙarfe ne yake dukan ƙarfe. Na naɗe wayar da robar cikin taya, na ɗaura wa kowane cokali noti ɗaya don ya yi nauyi. Suka koyi zama.

Saura yadda zan kai masa ba tare da na ambaci tattabaru ba. Da la'asar na cicciɓi akwatin na ajiye jikin katanga, na zo na durƙusa gefen kujerarsa.

"Baba, wani ɗan aiki na yi, kuma ni ban iya saiti ba. Ko za a taimaka a gwada mini?"

Ya dubi akwatin, ya dube ni, ya daɗe yana dubana.

"Cokulan 'yata ne waɗancan?"

"Su ne, Baba."

"Ka yi ƙarfin hali."

Ya buɗe bindigar, ya sa darma, ya ɗora gwiwar hannu a kan cinya. Cokali na farko ya yi ƙara ya ɓace. Na biyu ya bi shi. Na uku ya kuskure, ya yi tsaki, ya sake, ya same shi. Da na huɗu ya tafi, sai ya sauke bindigar ya fara lalubar sandarsa.

"Baba, a bar sandar. A harbi jan."

Ya harba. Cokula huɗu suka zubo tare suna reto, suna walƙiya a rana. Tsohon nan ya yi dariyar da ban taɓa ji a bakinsa ba tun da na auri 'yarsa. Bai ce na kyauta ba, ni ma ban jira ba. Ya sake sa darma.

Yana zagaye na uku ko na huɗu ne tattabarun suka dawo daga kiwo. Yawancinsu suka wuce rufi. Ɗaya kuwa, wani farin namiji marar wayo, ya sauko ya dira a bakin akwatin, ya kumbura wuya yana taku, jelarsa na lilo daidai kan jan cokalin. Bindigar Baba tana kafaɗa, yatsansa a kan kunama. Na tabbatar da aikina a kan ƙarfe, amma ban san abin da ke zuciyar tsoho ba, kuma ba ni da bakin cewa kar ya harba.

Baba ya jira. Tsuntsun ya juya, ya sake juyowa, ya hau gyaran gashi. Can sai Baba ya ɗage yatsansa daga kunamar, ya kwantar da bindigar a cinya, bakinta na kallon ƙasa.

"Kai," ya ce, ko kallona bai yi ba, "je ka kori tsuntsun nan naka. Ya tare mini cokali."